Babi na Bakwai: Daga Zango Zuwa Zango

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san Ɗan Isa, a cikin gundumar Madarunfa, inda manyan motoci ke jeruwa a bakin kwalta suna jiran takardun duwan kafin su tsallaka Jibiya ko su nausa cikin ƙasa. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, yaron mota yana hura gawayin shayi, mai fitar da kaya yana kai da komowa da jakar takardu a hammata. In ka tambayi direban abin da yake jira, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce takarda ba ta fito ba, ko ya ce rezo, wato layin sadarwa, ya tafi. Irin wannan amsa ce za ka ji a banki ranar albashi, ita ce kuma za ka ji a shagon aika kuɗi ranar kasuwa.

Takardar a Ɗan Isa ake buga ta, amma ba a nan kaɗai ake yanke hukuncinta ba. Duwan na Nijar na aiki da manhajar SYDONIA, wadda hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara haɗawa a farkon shekarun 1980 bisa roƙon ƙungiyar CEDEAO. Kwamfutar da ke gaban ma'aikaci tana aika bayanin kaya zuwa uwar garken duwan, a can ake lissafi, a can ake adanawa, sannan amsa ta dawo ta zama tawada a kan takarda. Abu uku ke nan ke bin waya: aikin da ake so a yi, kundin bayanan da za a yi shi da su, wato fayil, da sakamakon da za a buga. Yadda waɗannan ukun za su yi tafiya tsakanin na'urori masu nisa da juna, waɗanda ma ba harshe ɗaya suke ji ba, tsohuwar matsala ce. An warware ta tun ba a haifi yawancin masu karanta wannan littafi ba, kuma a ganina warwarar farko ta fi dacewa da ƙasarmu bisa wadda ake sayar mana yau.

A Madarunfa babu babbar kwamfutar nan da masana ke kira menfirem, amma a ɗakinta aka raɗa wa duk wannan al'amari suna. Ranar 7 ga Afrilun 1964 kamfanin IBM ya bayyana jerin na'urorinsa na System/360. Kowacce takan cika ɗaki guda mai sanyi, tsadarta kuwa sai gwamnati, ko banki, ko babbar jami'a. Ba a zama gabanta a danna kamar yadda muke yi yanzu. Mai buƙata zai rubuta umarninsa a kan katuna masu huji, kowane kati gurbi 80, harafi ɗaya a gurbi ɗaya, ya ɗaure su dami guda ya miƙa ta taga. Katin farko shi ke faɗin sunan aikin da wanda za a caje kuɗin, na bayansa su faɗi manhajar da za a tayar da fayilolin da za ta taɓa. Guraben ƙarshe guda takwas, daga na 73 zuwa na 80, akan bar su don lambar jeri, saboda in damin ya suɓuce ya watse a ƙasa a iya mayar da kowane kati mazauninsa. Wannan dami shi ake kira aiki. Ka miƙa da safe, ka dawo da la'asar ko washegari ka karɓi doguwar takarda mai huji a gefe da gefe.

Nan da nan aka ga asara. Ƙwaƙwalwar na'urar tana gudu kamar walƙiya, mai karanta kati da firinta kuwa tafiyar hawainiya suke yi in an gwada su da ita. Firintar IBM 1403, wadda ta yi suna a zamaninta, layi 600 take bugawa a minti guda, kowane layi gurbi 132. A idon mutum wannan gudu ne, a wurin na'urar kuwa zaman banza ne mai tsada. Maganin da ya fi shahara ya fito ne daga cibiyar NASA da ke Hustan, inda ake shirin kai mutum duniyar wata. A can ma'aikatan IBM suka rubuta manhajar HASP, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama JES2 da ake aiki da ita har gobe. Dabarar ita ce a daina haɗa mai sauri da mai nawa kai tsaye. Katunan da suka shigo a kwafe su a faifai su shiga layi. Na'ura ta ɗauki aiki in ta samu sarari. Sakamakon ma a zuba shi a faifai ya jira firinta ta gama da na gabansa. Mutumin Madarunfa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Gulbi yakan kawo ruwa da ƙarfi a damina cikin ƴan makonni, tafki ya karɓa ya riƙe, masunta da masu lambu da makiyaya su yi ta amfana har tsakiyar rani. Ma'ajiyar faifan nan tafki ce tsakanin mai kawowa da mai sha.

Da aka samu tafki, sai tambaya ta gaba ta zo da kanta: me ya sa dole sai mutum ya tako da ƙafarsa har taga? A 1967 IBM ta fito da na'urar 2780, wadda ba komai ba ce illa mai karanta kati da firinta a haɗe da layin tarho. Reshen banki da ke wani gari zai zuba katunansa, su bi waya su faɗa layin jira na babbar na'ura, in an gama sakamakon ya biyo wayar ya fito a firintar reshen. Daga nan sai manyan na'urorin kansu suka fara aika wa juna. Tun 1969 wani injiniya mai suna Edson Hendricks, a cibiyar binciken IBM da ke Kambirij ta Amurka, ya fara rubuta abin da ya zama manhajar RSCS, kuma a kansa kamfanin ya gina hanyar sadarwarsa ta cikin gida, VNET. Ƙa'idar da manyan na'urorin ke bi wajen wannan musaya ita ake kira NJE. Kowace na'ura tana da suna da bai wuce harafi takwas ba. Kowane saƙo yana ɗauke da takardar goshi mai faɗin inda ya fito, inda za shi, da wanda za a damƙa wa. Mutum na iya miƙa aiki a gari na farko, a yi shi a gari na biyu, a buga sakamakon a gari na uku, duk da kati ɗaya ko biyu da ya ƙara a cikin daminsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda saƙon ke tafiya, domin tafiyar fatake ce sak. Ayarin da ya tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro ba ya shimfiɗa igiya ɗaya daga Kano har Salaga. Zango zango ake yi. A sauka, a sauke kaya, a ƙirga, a kwana. In gulbi ya cika a gaba, a zauna har ya janye. Haka NJE take. Na'ura ta farko za ta miƙa fayil ɗin gaba ɗayansa ga maƙwabciyarta. Ba za ta share nata kwafin ba sai maƙwabciyar ta tabbatar mata cewa ya iso cif, ta kuma adana shi a nata faifan. Daga wannan lokaci amana ta koma wuyan ta biyun. In layin gaba ya yanke, ba a ce wa mai saƙo ya koma gida ya sake farawa; fayil yana nan kwance a zango, layi na dawowa ya ci gaba da tafiya ko da tsakar dare ne. Har yau haka muke aika saƙo ta tasha. Ka ba direban Madarunfa ƙunshi, ya damƙa wa ɗan kamasho a Maraɗi, shi kuma ya sa a motar Yamai, kowa ya san a hannun wa kaya suke a kowace sa'a.

A 1981 Ira Fuchs na jami'ar birnin Niyok da Greydon Freeman na jami'ar Yale suka ja layi ɗaya tsakanin manyan na'urorinsu bisa wannan ƙa'ida, suka sa wa abin suna BITNET. Saurin layin bit 9600 ne a daƙiƙa. Hoto ɗaya na wayar hannu ta yau, mai nauyin megabait uku, zai ci sama da minti 40 kafin ya ƙetare shi. Duk da haka cikin shekara goma na'urori wajen 3000 suka shiga, Turai ta kafa nata reshen mai suna EARN a 1984, Kanada da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suka kafa nasu. Sharaɗin shiga ya yi kama da al'adar masauki: ka biya kuɗin layinka zuwa maƙwabci mafi kusa, ka yarda wani ya jingina da kai nan gaba, ka kuma wuce da saƙon baƙo ba tare da ka karɓi ko sisi ba. Ƙananan fayiloli akan ba su hanya su riga manya wucewa, kamar yadda ake barin mai tulu ɗaya ya ɗiba kafin mai kura. Wanda ya aika saƙo kuma yakan ga sanarwa a allonsa duk lokacin da saƙon ya bar wani zango zuwa wani, har ya isa. Ba na'urorin IBM kaɗai ba ne a ciki. Masu na'urorin VAX sun sami manhajar JNET, masu Unix suka sami UREP, kowacce tana sa ƙaramar na'ura ta yi magana da babbar kamar tsararta.

A nan ne fa ake gane cewa isar da saƙo daban, fahimtarsa daban. Manyan na'urorin IBM suna rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, sauran duniya kuwa ta bi ASCII. Harafin A a wurin na farko lamba 193 ne, a wurin na biyu 65. In fayil ya ƙetare babu tafinta, abin da zai fito a allo ko mai shi ba zai gane shi ba. In kuma tafintan ya cika zaƙewa, wata ɓarnar ce: manyan na'urori sukan cusa lambobin kuɗi biyu biyu a gurbi ɗaya don tattalin wuri, to in aka fassara su kamar haruffa ne, albashin jika ɗari sai ya koma shirme. Babbar na'ura tana ajiye bayanai a layuka masu tsawo ɗaya, gadon kati mai gurbi 80. Unix tana sa alama ɗaya a ƙarshen kowane layi, Windows tana sa biyu. Bugu ma da nasa sirrin. A fayil ɗin da aka shirya wa firintar babbar na'ura, gurbin farko na kowane layi ba na karatu ba ne, umarni ne ga firinta: 1 na nufin a buɗe sabon shafi, 0 a tsallake layi, alamar tarawa kuma a sake bugawa a kan layin da aka riga aka buga. Aika wannan fayil haka nan ga firintar ofis ta yau, sai ka ga shafuka sun cakuɗe, ga 1 da 0 sun jeru a gefen hagu ba dalili. Rabin aikin masu haɗa manyan na'urori da ƙananan uwayen garke, jiya da yau, tafinta ne.

Mu kuma wannan batu ya taɓa mu a wurin da ke da zafi. Faransanci ya sami nasa shafin a EBCDIC, mai lamba 297, domin haruffansa masu ɗigo da wutsiya su fito daidai. Hausa ba ta samu ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ ɗin da muke rubutawa a Nijar inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa waƙafi a gaban y. Tsarin Unicode da ya zo a 1991 ya ba waɗannan haruffa mazauni. Shekara fiye da talatin ke nan, amma har yanzu sunan Ɗanladi ko Ɓaidu yakan shiga na'ura da lanƙwasarsa ya fito babu ita, ko ya fito da alamar tambaya a madadinta, domin wani zango a tsakiyar hanya bai san harafin ba. Wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne bai taɓa tsayawa gaban taga ana ce masa sunan da ke takardar haihuwarsa bai dace da na katinsa ba. Harshen da ke bambanta baki da baƙi, kafa da ƙafa, ba zai yarda lanƙwasa ado ce ba.

Nijar ta ɗanɗani tafiyar zango tun kafin intanet ta iso. A farkon shekarun 1990, cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, tana da hanyar sadarwa mai suna RIO da ta haɗa Yamai da Dakar da Bamako da Wagadugu da wasu biranen zuwa Mompeliye. Ba ƙa'idar IBM ta bi ba, ta bi UUCP ta gidan Unix, amma tunanin ɗaya ne: a tara saƙonni, in layi ya buɗe a kwashe su gaba ɗaya, a karɓo na can. Da wannan masu bincike a Yamai suka yi musayar wasiƙu da fayiloli da takwarorinsu na duniya a kan layukan tarho da ba su da tabbas.

Yau ma, in ka leƙa bayan kanta, tsarin dami bai mutu ba. Babban bankin BCEAO, mai hedkwata a Dakar da reshe a Maraɗi, ya buɗe STAR-UEMOA a 2004 don manyan kuɗaɗe masu gaggawa, sannan daga 2005 ya fara shimfiɗa SICA-UEMOA a ƙasashensa takwas. A wannan na biyun, ɗan kasuwar da ya kai cak banki a Maraɗi ba takardar ce ke tafiya ba. Ana ɗaukar hotonta, a haɗa bayananta da na sauran a fayil guda, a aika wa na'urar tsakiya. Ita ta lissafa abin da kowane banki ke bin ɗan'uwansa, ta mayar wa kowa da nasa fayil ɗin, ragowar a biya ta cikin STAR. Dami ne ya tafi, dami ya dawo. Haka ma rahoton wata wata na cibiyoyin lafiya na karkara, adadin yaran da aka yi wa rigakafi da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, yakan taru a gundumar lafiya ya shiga manhajar DHIS2 ta jami'ar Oslo kafin Maraɗi da Yamai su gani. Can ƙetare kuwa, manyan bankuna da kamfanonin kati irin su Visa har yau suna da jikokin System/360 a ɗakunansu, ƙa'idar NJE ma tana nan, sai dai yanzu ta hau kan hanyoyin intanet maimakon layin tarho na haya.

To ina gizo ke saƙa? Yawancin manhajojin da ake kawo mana yanzu an gina su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, layi ba ya yankewa. Mai ginin ya ɗauka cewa igiya ɗaya ce miƙe daga teburin ma'aikaci har uwar garke, kuma za ta zauna miƙe daga bismilla har tammat. Babu zango, babu tafki. Na taɓa zama a wani ofishi ina kallon wani bawan Allah yana shigar da bayanaina: suna, sunan uba, garin haihuwa, har ya kusa ƙarshe, sai layi ya tsinke. Duk abin da ya rubuta ya bi iska. Sau uku muna farawa daga fari, a bayana ga tsofaffi da mata masu goyo da suka biya kuɗin kabu-kabu tun daga ƙauye. Daga ƙarshe ya ɗago kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, sai dai gobe in Allah ya kai mu." Ba laifinsa ba ne. Na'urar da ke gabansa ta fi duk manyan na'urorin 1981 ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba a koya mata abin da su suka sani ba, wato ta riƙe amana har hanya ta buɗe.

Na san akwai ayyukan da ba sa jira. Mai cire kuɗi dole a duba asusunsa nan take, in ba haka ba sai a cire abu ɗaya sau biyu. Amma rajistar haihuwa, da rahoton asibiti, da sunayen ƴan makaranta masu jarrabawa, da bayanin kayan da mota ta ɗauko, da yawansu ana iya karɓarsu a adana a wurin, a ba mutum shaidar karɓa mai lamba ya kama gabansa, saƙon ya tafi da kansa in rezo ya dawo. Darasin watan Agustan 2023 ma bai kamata ya wuce mu ba. Layin da ke kawo wa Maraɗi wuta daga Katsina yake fitowa, kuma da Najeriya ta yanke wutar bayan takunkumin da CEDEAO ta sa wa Nijar, kowa ya ga yadda aiki ke tsayawa cak in an rataya shi kacokan a kan igiyar da bakinta ke hannun wani.

Saboda haka kirana ga ɗalibanmu masu koyon ilimin kwamfuta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da takwarorinsu na Katsina da Kano da Zariya, da kuma shugabannin ma'aikatun da ke sa hannu a takardar sayen manhaja: kafin ku karɓi kowane tsari, ku zare wayar layin a tsakiyar aiki ku ga abin da zai faru da bayanan da aka riga aka shigar. Ku mayar da wayar ku ga ko saƙon zai tashi da kansa, ko kuma zai tafi sau biyu. Ku rubuta Ɗan Isa da lanƙwasarsa a wannan bakin, ku je wancan bakin ku duba takardar da firinta ta fitar. Tsarin da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, ku mayar wa mai shi ya gyara kafin a kai shi Madarunfa.